Ƙofar Mombasa

Valparaíso, 18 ga Nuwamba

Zuwa ga mijina Baltasar,

Bayan gaisuwa mai yawa da kewa wadda ta fi ta yawa, ina fatan takardar nan za ta same ka cikin ƙoshin lafiya, kai da abokan aikinka na jirgi. Yaya ruwa, yaya zafin murhu? Yaya gwiwar nan taka da ba ka son a tambaya? Mu nan lafiya lau. Mama tana gaishe ka, ta ce in tambaye ka ko har yanzu kana cika wa bayin Allah gishiri a miya kamar yadda ka saba tun kana yaro.

Ƙofarka ta iso. Abokinka da ka ba wa saƙon ya aiko ranar Talata, ranar Laraba ƙarti shida suka hau da ita matakalar unguwa, duk ɗari da arba'in da biyun, suna hutawa suna zaginka a kowace kwana. Mai kula da keken hawa tudu ya ce ko gawar kakarsa ce mai wannan nauyi ba zai ɗauka ba. Da suka kwance buhunan da aka naɗe ta da su a tsakiyar falo, sai da na nemi wuri na zauna. Shekara ashirin da shida kana aiko mini da duniya gutsure-gutsure, ban taɓa samun kamar wannan ba. Ƙyaure biyu baƙaƙe wuluk, ƙusoshin tagulla masu tsini a jere, ga firam ɗinta, ga gungumen sama an sassaƙa masa furanni da igiya da kifaye. Har yanzu tana ƙanshin kanumfari. Ko kai ka zuba mata don ka yaudare ni?

Maƙwabciyarmu Rosalba ta leƙo, ta ce yanzu kam sai da fasfo za a shiga gidanmu. Ta yi gaskiya. Fitilun Kasablanka na rataye su a baranda ta ciki, dardumar Izmir tana falo, labulen Madras ya koma ɗakinmu, fankar takardar nan ta Yokohama tana saman rediyo. Farantan Lisbon masu shuɗin zane ne kawai ke cikin kwali, don ban sami kantar da ta dace da su ba. Da safe nakan ɗauki shayina in zaɓi ƙasar da zan sha shi, ni da ban taɓa wuce Santiago ba. Kai kana ganin duniya, ni ina goge mata ƙura, kuma ba ƙorafi nake yi ba. To, ƙorafin ne, amma kaɗan.

Na karanta abin da ka ce, in jingina ƙofar da bango kada a taɓa ta sai ka dawo a watan Afrilu. Na jingina ta. Sai dai ka sani, ƙofar da aka jingina katako ce kawai, kuma Afrilu da nisa.

Mama, tun da idonta ya tafi, ka san da hannu take gani. Ta shafa ta iyakar inda hannunta ya kai, sannan ta kara kunnenta a jikin firam ɗin, ta daɗe a haka. Da ta ɗago ta ce, "'Yar nan, wannan abu da mai gida a cikinsa." Na yi dariya na ce ƙarar teku ce ta maƙale mata a hanya. Ta ce, "Teku na san shi, a gabansa aka haife ni. Wannan ci yake yi." Ka dai san Mama, ko tukunya aka sayo sabuwa sai ta samo mata laifi. Washegari na share wani ɗan gari fari a gindinta, na buhunan ne ina jin.

Ka kula da kanka, ka riƙa sa rigar sanyin da na saƙa maka ko da ana yi maka dariya.

Taka har kullum,
Leontina

Valparaíso, 9 ga Janairu

Mijina Balta,

Ina gaishe ka da kyau, ina fatan ka shiga sabuwar shekara lafiya, Allah ya sa ta fi wadda ta wuce albarka. Katinka na Durban ya zo, na manna shi a jikin madubi tare da 'yan uwansa. Mama lafiya, sai ciwon baya da ba ya rabuwa da ita. Ta ci humita uku, alalen masarar nan, ranar Lahadi, kai ma ka san lafiya ce ke sa haka.

Zan gaya maka wani abu, ka karanta har ƙarshe kafin ka yi fushi. Na sa an kafa ƙofar. Na so in ɓoye sai ka dawo ka gani da idonka, amma ban iya riƙe magana ba, kai ma shaida ne.

Na kira Maestro Eleuterio, kafintan da ke yi mana gyara tun zamanin babanka. Ya auna ƙofar falo, ya auna baƙuwar, ya ciro fensir daga kunnensa ya mayar bai rubuta komai ba. Ashe ta fi tamu faɗi da taƙi biyu, sai an yanke ginshiƙin hagu kafin ta shiga. Ya ce, "Uwargida Leontina, ginshiƙin nan shi ke ɗauke da tubalin ƙasar da ke sama har zuwa rufi. In na yanke shi, baƙon gungumen nan ne zai ɗauki kayan. Ni kuwa ban san shi ba, ban san ubansa ba." Na ce itacen da ya ƙetare teku biyu bai karye ba, tubalin Valparaíso ne zai gagare shi? Ya ce shi dai da a bari maigidan ya dawo. Wannan kalma ce ta ɓata komai, Balta. Shekara ashirin da shida ni ke gyara rufi, ni ke kai Mama asibiti, ni na binne babanka kana Yokohama, sannan a kan ƙofa a ce in jira maigida? Na ce masa in ba zai iya ba, akwai kafintoci a gari. Ya cire hularsa ya duba cikinta, ya ce, "Gidanki ne." Kwana uku ya gama.

Kuma ta yi kyau, wannan ba wanda zai musa. Matan ƙungiyar cocinmu sun zo shayin yamma, har da wadda ta ce a ɗauke ta hoto a tsakiya. Rana in ta karkata takan shigo ta tagar teku ta sauka a kan ƙusoshin, falon duk ya yi ja. Nakan tsaya a nan in ji kamar in na taka dokin ƙofar, a Mombasa zan fito.

Saura guda, ita ce mai nauyin. Tsohon firam ɗin da kakanka ya kafa, na jan katakon kudu, na sa Maestro ya yanka shi gida uku ya yi mini kanta. Farantan Lisbon sun sami wurin zama. Ɓangaren da babanka ya riƙa yi wa tsaga da wuƙa yana auna tsayinka da na ƙanwarka shi ne na tsakiya, na juya tsagar ta kalli bango. Mama ta juya mini baya har kwana biyu. Da ta yi mini faɗa ya fi mini sauƙi.

Ka san Mama da ƙofar nan. Dukkanmu haka aka raine mu, ƙasa ta motsa, a ruga ƙarƙashin ƙofa, amma ita tata ƙofar guda ce. A nan ta rungume ku a babbar girgizar ƙasar da aka yi kuna yara, har wurin da take dafawa a hagu ya yi santsi ya ɗan lotsa. Ranar Alhamis aka yi ɗan motsi, wanda ko fitila bai kaɗa sosai ba. Ina kallonta ta tashi daga kujerarta, ta ƙirga takunta, ta miƙa hannu inda ta saba. Babu katako a wurin, hannun ya wuce, ya sauka kan tsinin tagulla. Jinin kaɗan ne. Ba ta janye ba, ta tsaya a nan ƙarƙashin gungumen har ƙasa ta lafa, sannan ta ce in kawo mata tsumma.

Garin nan da na ce maka na buhu ne, buhunan sun daɗe da tafiya shara, shi kuwa kullum da safe sai na share. Ɗan tsibi ne a kowane gefe, laushinsa kamar garin alkama. Rosalba ta ce sabon aiki haka yake zubarwa.

Kada ka yi dogon fushi, ba ya yi maka kyau a fuska. Ka rubuto.

Matarka mai taurin kai,
Leontina

Valparaíso, 27 ga Fabrairu

Balta nawa,

Gaisuwa da fatan alheri. Ina fatan kana lafiya, ruwa kuma yana yi muku sauƙi. Takardarka ta zo, layi huɗu, na ƙirga su. Ban ga laifinka ba. Mu muna nan da rai da lafiya, amma hankalina ba a kwance yake ba, kuma ba ni da wanda zan gaya wa sai kai.

Kwana takwas ke nan ƙasa ba ta huta ba. Jiya sau biyar na ƙirga kafin azahar. Duk motsi ne, ba girgiza ba, mutane suna ɗaga kai su kalli fitila su ci gaba da cin abincinsu. A layin burodi wasu na cewa gara haka, tana sauke fushinta kaɗan-kaɗan. Tsofaffi kuwa sai dai ka ga sun cika tuluna da ruwa. Karnukan unguwa sun daina kwanciya a kan matakala.

Bayan wani motsi na makon jiya ƙyauren dama ya ƙi rufuwa, yana gogar ƙasa. Na hau kujera na duba gungumen da kyau, abin da ya kamata in yi tun Nuwamba. Cikin furannin nan da aka sassaƙa akwai huji ƙanana kamar na allura, ba su ƙirguwa. Na kara kunnena yadda Mama ta yi. Na ji shi, Balta. Ƙas, ƙas, a hankali, ba gaggawa. Na sayo sirinji a kantin magani na yini ina ɗura wa hujin kananzir ɗaya bayan ɗaya, gidan duk ya ɗauki wari, ƙanshin kanumfarin ya tafi. Washegari garin ya fi na kullum yawa.

Na haɗiye girman kaina na aika wa Maestro Eleuterio. Bai ce mini ai na gaya miki ba, kuma wannan ya fi ciwo. Ya buɗe 'yar wuƙarsa ya danna a tsakiyar gungumen, ta shige har ƙota kamar ya soki kabewa. Ya ce ƙwaro ne, da shi ta zo, ya cinye cikin ya bar fatar. Ya ce, "Abin da ke riƙe da bangon nan yanzu, uwargida, fenti ne da addu'ar surukarki." Ya cire ƙyauren biyu don a rage nauyi, ya tokare gungumen da katako guda, ya ce wannan na motsi ne, in girgiza ta zo ba ruwansa. Dole a sauke tubalin sama ɗaya-ɗaya a kafa sabon ginshiƙi, kuma ba aikin mutum ɗaya ba ne. Ma'aikatansa biyu sun tafi kudu hutun Fabrairu kamar kowa, sai Lahadi za su dawo. Litinin da sassafe za su fara. Kafin nan ya ce ko kyanwa kada ta tsaya a wurin. Na tambaye shi ko za a iya mayar da tsohon firam ɗin. Ya juya ya kalli kantar farantan, ni ma na kalla.

Na gindaya kujeru biyu a bakin ƙofar, yanzu ta kicin muke zagayawa. Amma kujera ba za ta hana Mama ba, shekara hamsin da tara ƙafarta ta san hanya guda. Na so in kai ta gidan Rosalba zuwa Litinin, ta ce ba ta kwana gidan wani ba a girgizar da ta rushe rabin unguwa, ba za ta fara ba saboda tsutsa. Sai na ɗaura igiyar shanya daga hannun kujerarta zuwa ƙafar babban teburin babanka. Sau huɗu a rana nakan buga murfin tukunya ba tare da na sanar da ita ba, ita kuma ta kama igiya ta bi ta durƙusa ta shige ƙarƙashin tebur. Ran farko sau uku tana nufar ƙofa ina tare ta. Ta ce, "Shekara tamanin da ɗaya, yau aka sa ni makarantar koyon tsoro, malamar kuma da murfin tukunya." Yanzu ta iya, har tana rigan murfin daina ƙara. Jiya tana ƙarƙashin teburin ta ce, "To ni an koya mini. Ke wa zai buga miki murfi?" Na ce ni ina da ido. Ta ce ƙafa ba ta shawara da ido.

Ina jin tsoro, ban taɓa rubuta maka wannan kalma ba. Nakan zauna a falo in kalli kayan nan da na tara, in ji kamar baƙi ne suka cika mini gida ban san halin kowa ba. Kwana biyar ne kawai zuwa Litinin. Ka sa mu a addu'a, na san ba gwaninta ba ne kai, amma ka gwada.

Taka,
Leontina

Valparaíso, 6 ga Maris

Mijina,

Ina gaishe ka. Ina fatan kana lafiya, kuma saƙon wayar da na sa aka buga wa kamfaninku ya riga takardar nan isa gare ka. Na san kun ji labarin garinmu a rediyo. Ina da rai. Hannuna na hagu ya karye, an ɗaure. Mama tana da rai a lokacin da nake rubutun nan. A barandar asibiti nake zaune, takardar a kan gwiwata, ka yi haƙuri da rubutun.

Ranar Lahadi ce, wajen ƙarfe takwas saura, rana ba ta faɗi ba. Mun gama shayin yamma, Mama tana kujerarta tana jin rediyo, ni ina baranda ta ciki ina sauke fitilun Kasablanka don kada ƙurar aikin Litinin ta ɓata su. Girgizar ta fara kamar sauran, har na tsaya da fitila a hannu ina jira ta wuce. Sai ƙarar ta zo daga ƙasa, gidan ya yi tsalle.

Ban san lokacin da na ture kujerun ba. Na yi ta neman wannan lokacin a kaina kwana uku ban same shi ba. Na dai tsinci kaina a tsakiyar ƙofar, hannuwana biyu a jikin firam, ina karanta addu'ar da uwata ta koya mini a ƙarƙashin tata ƙofar ina 'yar shekara huɗu. Katakon da Maestro ya tokara ya riga ya fice, gari yana zubo mini a ka. Kuma ina nan tsaye ina ƙwala wa Mama kira, ina ce mata tebur, tebur. An ce sabo turken wawa, ni ce wawan.

Tana ƙarƙashin teburin tun kafin in buɗe baki. Ta bi igiyarta kamar yadda na koya mata, ba kuskure ko ɗaya. Da na yi shiru da tana nan lafiya. Amma ta ji daga inda muryata ke fitowa. Na gan ta ta fito da rarrafe, ta miƙe, ta saki igiyar. Ƙasa tana jefa ta hagu da dama, farantai suna fashewa a bayanta, ita kuwa tana ƙirga takunta a kan tsohuwar hanyarta. Ta sa hannu biyu a ƙirjina ta hankaɗa ni baranda da ƙarfin da ban san tana da shi ba. Ina faɗuwa gungumen ya rabe biyu, bangon ya biyo shi.

Rosalba da mijinta da wasu maza biyu suka taimaka muka tone ta. Gungumen da ƙarti shida suka yi nishi a kansa, da hannu ɗaya na ɗaga rabinsa, ba komai a ciki sai gari. Tubalin ne ya yi ɓarnar. Ƙugunta ya karye, da haƙarƙari huɗu, numfashi yana yi mata wuya. A kan ɗaya daga ƙyauren Mombasa aka sauko da ita matakala, don shi ne abu mai faɗi da ke kusa. Na tambayi likita yau da safe yadda yake gani. Sai ya tambaye ni yaushe jirgin ɗanta zai iso.

Jiya na koma gida ɗaukar mata kaya. Sauran gidan yana tsaye, kakanka ya iya gini. Bangon da na taɓa ne kawai ya faɗi. Farantan Lisbon ba ko ɗaya da ya tsira, amma kantocin uku suna nan daram a bango, ko tsagewa ba su yi ba. Na ciro ta tsakiya na kawo mata. Ta bi tsagar wuƙar da yatsa, tana faɗin shekarunka a kowace, har ta kai ta goma sha huɗu inda babanka ya daina. Yanzu tana gefenta a kan gado, ma'aikatan jinya sun gaji da cewa a ɗauke.

Na durƙusa na roƙe ta gafara. Ta lalubo kaina ta ce, "Ɗaliba ta ci jarrabawa, malama ta faɗi." Ta so ta yi dariya, haƙarƙarin ya hana. Ban san yadda zan kalle ka ba, Balta. Ka ce in jingina ta, kafinta ya ce in jira, Mama ta ji abin da kunnenta tun ran farko, ni kaɗai na ƙi ji. Duk abin da za ka faɗa mini ka zo ka faɗa a gabana, zan tsaya in saurara.

An ce za ku tsaya Panama ranar goma ga wata. Ka sauka a nan ka hau jirgin sama, kada ka jira Afrilu. Na tambayi Mama ko tana da saƙo. Ta ce in gaya maka ka yi sauri, kuma kada ka tsaya a kasuwa. Ta ce wannan karon ba ta son tsaraba, ni ma kada ka kawo mini, ka zo da hannuwanka biyu kawai, akwai wadda za ka ɗauka da su a nan.

Allah ya kawo ka a kan lokaci.

Matarka,
Leontina